Neman zango a fadamar Haɗeja da Nguru

A 'yan shekarun nan wata sha'awa ta shigo wa matasanmu na birni, kuma ina maraba da ita ƙwarai. Sukan haɗa kuɗin mota, su ɗauki tanti da tabarma da tukunya, su fita su yi kwana biyu a bakin ruwa. A da 'yan sikawut ne da ɗaliban da malami ya kai nazarin ƙasa kaɗai ke yin haka. Yanzu ma'aikata da masu ɗaukar hoto da masu kallon tsuntsaye duk sun shiga sahu. Tambayar da ke yawo a tsakaninsu guda ce: ina ne wuri mai kyau? Amsar da suke ba juna kuwa kusan kullum hoto ce a waya, ko ɗan ɗigo a kan taswira. Nan ne muka rabu da su. A ƙasar kogi ba a gane wurin kwana daga sama, wanda ya kwana a wuri bara ma ba zai iya ba ka tabbacinsa bana ba. Mutanen da ke zaune a wurin su ne ke da wannan sani, kuma ba ka samunsa sai ka taka ka je ka yi musu sallama.

Zan kafa hujja da yankin da nake ganin ya fi ko'ina cancantar irin wannan fita a Arewa, wato fadamar da ta shimfiɗu daga Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, su gangara gabas su zama Kogin Haɗeja. Daga kudu kuma Kogin Jama'are yana saukowa daga tsaunukan Jos ya ratso ƙasar Bauci. Da suka iso nan sai suka tarar da tsofaffin jigayin yashi jere, ruwa ya rasa hanya guda da zai bi, ya rarrabu rassa rassa, ya cika kwaruruka, ya bar tuddai a tsakani, kafin ya sake tattaruwa wajen Gashuwa ya zama Kogin Yobe mai nufar Tafkin Cadi. A cikin wannan rarrabuwar ne ake noman shinkafa da alkama da tattasai, ake kama tarwaɗa da karfasa a yi banda a kai kasuwannin kudu, ake yankan kaba, shanu kuma su ci rani.

Duniya ta san da wurin tun ba yau ba. Tafkin Nguru da rafin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000. Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Dagona ɗin tana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi da aka kafa a 1991, kuma Yarima Philip na Ingila ya taka har can a 1989 don ya ga tsuntsaye. A 2020 hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin jerin wuraren da ake tattalin halittunsu tare da mutanen da ke rayuwa a ciki, a shekarar ta 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mai da dausayin Haɗeja gandun daji na ƙasa. Abin da ke jawo hankalin nan duka shi ne tsuntsaye. Idan sanyi ya kama Turai, agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin tafki sukan ƙetaro Sahara su sauka a nan, su tarar da kirinjijiya da dinya da zalɓe da jinjimi waɗanda su 'yan gida ne. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Dagona da sanyin safiyar Janairu ya ga garken tsuntsaye ya tashi a lokaci guda, ba ya bukatar a roƙe shi ya sake komawa. Kuma wannan gani ba ya samuwa ga wanda ya kwana a otal cikin gari ya iso da hantsi. Dole sai an kwana kusa, dalilin tanti ke nan.

To, me ya sa nake cewa taswira ba za ta fisshe ka ba? Saboda ruwan wannan yanki ba ruwan sama kaɗai yake bi ba. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗeja ta koma hannun masu buɗe ƙofar dam da rufe ta. A da ruwa kan zo da ƙarfi a damina, ya wanke hanyoyinsa, ya janye da rani ƙasa ta bushe. Yanzu akwai rassan da ba sa bushewa duk shekara, wannan kuwa shi ya ba ciyawar kacala gindin zama. Ta cika rafuka ta toshe su, laka ta taru a gindinta, ruwa ya karkata ya bi inda bai saba bi ba. Wasu garuruwa suka wayi gari gonakinsu sun nutse, wasu kuma rafinsu ya ƙafe, tsuntsun jan-baki ya samu maɓoya a cikin kacalar yana fitowa yana cinye gero da shinkafa. Ga mai neman wurin kwana, ma'anar wannan ita ce fako mai kyau da aka ɗauki hotonsa shekara biyu da suka wuce yana iya zama tabo a yau, hanyar da taswira ta nuna mota na bi tana iya zama ta kwale-kwale. Har ma ruwa kan ƙaru da tsakar rani, babu hadari babu ɗigo, don kawai an saki ruwa daga sama. Masunci yana lura da wannan tun daga launin ruwa da tarkacen da ya ɗauko. Baƙo sai dai ya farka ya ji tabarmarsa ta jiƙe.

Ƙasar kanta tana ba da labari ga wanda ya iya karatunta, amma karatun sai an koya maka. Inda ka ga giyayya ta yi yawa, ko bagaruwa ta yi kurmi a kwari, ka san wurin ruwa yana kwana a nan. Duba jikin itacen, za ka ga zanen da ruwan bara ya bari, wani lokaci ya kai ƙirjin mutum. Laka mai tsatstsagewa tana da kyan gani da rana don a shimfiɗe take sumul, amma cikin tsagar nan kunama ke fakewa, raɓa kuma ta fi sauka a kanta. Mutanen yankin ba su gina garuruwansu a kan tudu don son hawa ba. Mai tanti ma tudun yashi ya kamata ya nema, inda iska ke kaɗawa ta rage masa sauro, ya ba bakin ruwa tazara ko da kallon ya ɗan ragu. A lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take bugowa, saboda haka ƙofar tanti ta kalli yamma ko kudu. Sanyin bakin ruwa a watan Disamba da Janairu kuwa ya wuce yadda mutumin birni ke zato, bargo ɗaya ba ya isa.

Batun inuwa ma akwai magana a ciki. Gawo shi ne itacen da ya fi jan baƙo da rani, don a lokacin ne yake fitar da ganye sauran itatuwa na zubarwa. Amma 'ya'yansa abincin dabbobi ne, don haka gindin gawo matattarar shanu da awaki ce, ga ƙaya. Goruba tana jefo 'ya'ya masu tauri daga sama, kuma cunkoson kaba a gindinta maɓoyar maciji ce. Kuka takan yi kogo, kogon kuma sau da yawa da zuma a ciki. Wasu itatuwan ma an ɗora musu amya, mai ita yana jiran lokacin ɗiba, kai kuwa ka zo ka hura wuta a ƙasa hayaƙi ya tashi. Tsamiya ta fi su duka inuwa mai sanyi, sai dai da wuya ka samu tsamiya babba kusa da gari wadda ba ta da mai ita ko ba ta da tarihi. Wata wurin hutun masu dawowa daga gona ce, wata kusa da tsohuwar maƙabarta take, wata kuma mutanen gari suna da dalilinsu na ƙin zama a gindinta da dare. Ko ka yarda da dalilin ko ba ka yarda ba, kana bukatar ka san shi kafin ka ɗaura igiya.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne mutane. Mu 'yan birni mukan kalli fadama mu ce daji, alhali babu taku ɗaya a cikinta da ba a san mai shi ba. Wancan fili mai ciyawa gonar shinkafar wani ce da aka girbe. Wancan tafkin na gari ne, an hana su a cikinsa sai ranar da aka buɗe. Waccan shimfiɗaɗɗiyar hanya mai faɗi da ta gangara ruwa, wadda ta fi ko'ina daɗin kafa tanti, burtali ce, da asuba garke zai biyo ta zuwa mashaya. Bakin ruwa mai yashi inda ƙafa ba ta nutsewa kuwa, nan ne mata ke wanki da ɗiban ruwa, kuma samari baƙi takwas da kyamarori a wurin sun isa su hana matan gari fitowa yini guda. Rikicin manoma da makiyaya a wajejen Guri da Kirikasamma ba ɓoyayyen abu ba ne, yakan tashi ne daidai lokacin girbi, wato lokacin da masu yawon buɗe ido ke fara fitowa. A irin wannan yanayi, wuta da aka gani da dare a inda ba a saba ganinta ba, da baƙin fuskoki da ba wanda ya san daga ina suke, abu ne da ke tayar da hankalin gari. Kuma suna da gaskiya su tsorata. Shekarun da Arewa ta shiga sun koya wa kowane ƙauye ya riƙa tambayar wane ne ya sauka a bayan gari.

Iyayenmu fatake sun riga sun warware wannan matsala tun kafin a san mota. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da jagaba wanda aikinsa shi ne sanin hanya da mafita da inda za a yada zango, yana da madugu wanda ke zuwa gaban sarkin kowane gari ya kai gaisuwa ya nemi izinin sauka da na ƙetare kogi. Mutane ne masu ɗauke da dukiya mai yawa a ƙasar da ba tasu ba, suna tafiyar watanni, kuma abin da ya fi kare su shi ne an san da zuwansu. Zangunan Hausawa da ke Gana har yau daga wannan tsari suka samo asali. Saurayin da ya fita da tanti daga Kano ba sabon abu ya ƙirƙiro ba, tsohon abu ya dawo da shi, sai dai ya bar ladabin da ke tafe da shi.

Ladabin kuwa ba shi da wuya. Ka iso da wuri, kafin la'asar, don dare ba lokacin neman masauki ba ne. Ka tambayi gidan Bulama ko mai unguwa. Ka tuɓe takalmi, ka gaishe shi yadda ake gai da manya, ka faɗi sunanka da garinku da yawanku da kwana nawa za ku yi da abin da ya kawo ku. Idan akwai mata a cikinku ka faɗa tun farko, don zai canja irin wurin da zai ba ku. Ɗan goro ko abin sayensa ba cin hanci ba ne, gaisuwa ce. Abin da yakan biyo baya shi ne ya aika a kira Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci, idan akwai rugar Fulani kusa a sanar da Arɗo. A cikin hirar minti goma za ka ji abin da babu wayar da za ta faɗa maka. "Can kada ku sauka, hanyar shanu ce." "Wancan gefen akwai gurbi, ya ci mutum." "Ruwa na ƙaruwa kwanan nan, ku hau tudu." Sau da yawa ma sai a haɗa ku da yaro ya kai ku, ya nuna muku inda za ku samo itace da ruwan sha. Idan magariba ta yi, ku shigo gari ku bi jam'i. Sahun salla ɗaya yana gabatar da baƙo fiye da kowace takardar shaida. Idan kuwa cikin gandun gwamnati ne kamar Dagona, sai ka haɗa biyu, ka nemi izinin ma'aikatan gandun, ka kuma gai da mutanen gari.

Na san abin da wasu za su ce. Mun fito ne don mu huta da mutane, in mun shiga gari yara za su yi mana zobe, kowa zai miƙo hannu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, yaran za su zo, za su tsaya suna kallon tanti har a kira su gida. Amma wanda ya ɓuya ma za su gano shi, sai dai a lokacin babu babban da zai ce musu ku ba baƙi wuri. Batun kuɗi kuwa, ni ban ga laifin a biya ba. Mutumin da ya bar komarsa ya yini yana tuƙa ku cikin kwale-kwale ya yi asarar kamun ranar. Matar da ta kawo nono da fura, da wanda ya kawo kifi ɗanye daga ruwa, sana'arsu suke yi. Mun saba biyan dubban nairori a wurin shaƙatawa na birni ba tare da ciniki ba, bai kamata mu zo mu tsaya ja-in-ja da masunci a kan abin da bai kai kuɗin man da muka ƙona ba. A yi ciniki tun farko a fili, a biya da sakin fuska.

Wasu kuma za su ce a wannan zamani wa ke maganar kwana a daji? Wannan tambaya ta fi ta farko ƙarfi, ba kuma zan raina ta ba. Akwai sassan gabashin Yobe da bakin Tafkin Cadi da mai hankali ba zai kai tanti ba a yanzu, haka ma dazuzzuka da yawa na yamma. Amma idan muka ce duk ƙauye haramun ne, mun sallama ƙasarmu ke nan, mun haifi zuriyar da ta san sunan kogunan Turai a littafi ba ta taɓa ganin inda Haɗeja da Jama'are suka haɗu ba. Tsaro ma labarinsa a bakin mutanen gari yake. Su ne suka san ko makon jiya an yi wani abu, su ne suka san hanyar da ba a bi bayan magariba. In Bulama ya ce kada ku kwana waje, ku shigo ku shimfiɗa a zaure ko a filin makaranta, to ku ji maganarsa ba gardama.

Akwai haɗurra uku da nake so duk mai fita ya riƙe, don sun fi ɓarawo kusa da shi. Na farko ruwan da ke kwance. Tsargiya ta yi katutu a yankin, ƙwayarta daga dodon koɗi take fitowa ta huda fata, bayan makonni ko watanni mutum ya fara fitsarin jini. Ganin yaran gari suna iyo ba hujja ba ce, da yawansu suna ɗauke da ita. A yi wanka da ruwan rijiya ko na famfo, na sha kuma a tafasa. Na biyu sauro, wanda maganinsa gidan sauro ne ko da cikin tanti. Na uku maciji, musamman kububuwa da kasa. Kada a yi tafiyar dare babu tocila da rufaffen takalmi, a kakkaɓe takalmin da safe kafin a sa. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a ɗaure shi tamau, asibiti ake nufa kai tsaye. Shi ya sa tun kafin a sauke kaya ya kamata a san wanne ya fi kusa, babban asibitin Haɗeja ko na Gashuwa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, a kuma ajiye mota inda za ta iya fita cikin dare. Wanda ya nufi Kogin Kwara wajen Yawuri ko Ayoru sai ya ƙara da tambayar hanyar dorina, don da dare take fitowa kiwo.

Sai kwale-kwale. Ba mu manta da Bagwai ba, inda a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a ruwan Watari mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Lodin da ya wuce kima da tafiyar dare da rashin rigar ruwa, su ne suke maimaita mana wannan makoki a kogunanmu. Ƙungiyar da ta iya sayen tanti za ta iya sayen rigunan ruwa. In matuƙi ya ce mutum biyar jirginsa ke ɗauka, a yi sawu biyu.

Yanzu bari in juya ga hukuma, don a nan ne na fi jin takaici. Duk lokacin da aka tashi maganar yawon buɗe ido a Arewa, tunanin jami'anmu sai ya tafi ga gini: otal mai hawa, babbar ƙofa, bikin yanka ƙyalle. Mun gwada wannan hanya. Otal ɗin Bagauda da aka gina a bakin tafki ya koma makarantar horar da lauyoyi, na kan dutse a Tiga ya daɗe da dusashewa. Ko Yankari, da aka keɓe tun 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, ga ruwan ɗumi na Wikki ga giwaye, ƙarfinta yana hawa da sauka ne gwargwadon kulawar gwamnatin da ke ci. Babban gini yana son wuta da ma'aikata da gyara duk shekara, fadama kuwa baƙinta na kamar wata uku ne, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ko farkon Maris. Da bazara zafi ya hana, da damina ruwa ya hana. Lissafin ba ya fita.

Akwai wata hanyar, kuma maƙwabtanmu sun bi ta. A yankin Kogin Kazamans na ƙasar Sanagal, tun shekarun 1970 ƙauyuka suka fara gina masaukan baƙi da kayan gini irin nasu, su ke gudanarwa, ribar kuma ta shiga aikin gari kamar ɗakin shan magani da makaranta. A arewa maso yammacin Gana, mutanen Wechiau sun keɓe bakin kogin Baƙar Bolta na tsawon kilomita 40 a 1998 don kare dorina, sarakunansu da jama'arsu ke riƙe da wurin, 'ya'yansu ke yi wa baƙi jagora. Ba su jira otal ba. Abin da suka gane shi ne baƙon da ke son kogi ba ɗaki mai sanyi ya zo nema ba, yana son wuri mai aminci da tsabta da mutumin da ya san ruwa.

Me zai hana garuruwan bakin Baturiya da Dagona da tafkin Nguru su samu irin wannan? Fili ne a kan tudu wanda gari ya amince da shi, nesa da burtali da mashaya. Rumfa ɗaya, masai biyu na maza da na mata, famfo ko rijiya, ramin ƙona shara, murhu da aka kewaye don kada wuta ta tsallaka cikin busasshiyar ciyawa ko tarin shinkafar mutane. Littafin rubuta sunan baƙi a hannun Bulama. Farashi a rubuce na kwana da na jirgi da na jagora, don kada baƙo ya ji an cuce shi, kada ɗan gari ya ji an raina shi. Samari uku ko huɗu da aka koya wa taimakon farko da sunayen tsuntsaye. Wannan na ƙarshe ma ba daga tushe za a fara ba, domin tun da aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru a 1987 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a yankin, akwai 'yan ƙasa da suka ƙware a kai, ga Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da ta Dutse a kusa. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kuma ta riƙa sanar da waɗannan garuruwa duk lokacin da za a saki ruwa, abin da manoma da masunta suka fi baƙi bukata.

Amfanin wannan ya wuce na mai tanti. Gauraka, wadda kakanninmu suka saba jin kukanta a fadama, yau ta zama abin nema a Najeriya. Itatuwan Baturiya suna tafiya a buhunan gawayi da kurar itace. Mafarauci yana harbin agwagwa don ita ce ke kawo masa kuɗi a yau. Wa'azi da doka kaɗai ba su hana shi ba, ba kuma za su hana ba. Amma ran da ya ga tsuntsun da ke raye yana kawo masa baƙi duk hunturu, ɗansa yana samun na jagora, matarsa tana sayar da abinci, shi da kansa zai tsaya ya kore mai tarko.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan masu fita yanzu, don su ne za su sa garuruwan nan su so baƙi ko su ƙi su. Kada a sare itace ɗanye. Kada a taɓa mali ko kalli da aka gani a ruwa, abincin gidan wani ne. Kada a ɗauki hoton mace ko na ruga sai an nemi izini. Addini ya riga ya hana bahaya a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke zama, saboda haka a yi nisa da ruwa, a tona a rufe. Ledar ruwa da ta biskit a tattara a koma da su gida, don saniya takan haɗiye leda ta kashe ta, kuma makiyayin da ya rasa saniya ta wannan hanya ba zai manta da masu tanti ba. A kashe wuta da ruwa, a tabbatar ta mutu. A rage kiɗa, dare a ƙauye na barci ne. Da safe kuma kafin a tayar da mota a koma a yi wa Bulama sallama, a karɓi lambar wayar jagora, domin shi za a kira baɗi a tambaya ko ruwa ya janye, ko tudun nan yana nan.

Ga gwamnatocin Jigawa da Yobe da hukumar gandun daji ta ƙasa, lokacin fara magana da masu unguwanni da sarakunan ruwa shi ne tun ruwa bai janye ba, a watan Satumba ko Oktoba, sa'ad da ido zai ga wane tudu ne ambaliya ba ta taɓa ba. In aka zaɓi wuri a lokacin, rumfa da masai da famfo ba za su ɗauki wata biyu ba, zangon farko zai iya karɓar baƙi a Disamba.